Idan malejin tsohuwar mota ya daina aiki: yadda nake bin sawun matsalar a Peugeot 504 da sa'o'inta

A cikin tsofaffin Peugeot 504 da suka rage a kan titi, da wuya ka leƙa dasbod ka tarar allurar maleji tana motsi. Yawanci tana kwance a kan sifiri, lambobin da ke ƙirga kilomita kuma sun tsaya tun wani zamani da mai motar ma ba zai iya tunawa ba. In ka tambaya sai a ce maka ai kayan ciki ne suka mutu, kuma ba a samun irinsu yanzu. Ni dai a abin da ya ratso ta hannuna, agogon malejin kansa shi ne na ƙarshen lalacewa. Abin da ya fi kashe maleji kebul ne, sai ɗan haƙorin roba da ke wutsiyar giya, kuma babu mai tsadar da za ta hana mutum barci a cikinsu.

Da 504 zan yi misali, domin ita na fi sani, kuma tamu ce. An fara fitar da ita a Faransa a 1968, kamfanin Peugeot na Najeriya, wato PAN, da ke Kakuri a Kaduna ya kama aikin harhaɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da ita har bayan shekarar 2000, lokacin da Turai ta daɗe da mantawa da ita. Amma duk motar da malejinta ke aiki da kebul hanya ɗaya ake bi mata, ko 404 ce, ko Mercedes W123, ko Volkswagen Beetle, ko tsohuwar Land Rover. Inda suka bambanta zan faɗa.

Abin da ke faruwa tsakanin giya da allura

Babu ruwan wutar batir da wannan aiki, in ban da ƙwan da ke haska fuskar agogon da dare. Saboda haka kada mai rewaya ya sa ka canjin fis. A wutsiyar giya, a jikin ƙarfen da ke fitowa ya juya farfela, akwai wani haƙori murɗaɗɗe da ke cin wani ƙaramin haƙori, galibi na roba mai tauri. A tsakiyar ƙaramin akwai rami mai kusurwa huɗu, nan bakin kebul yake shiga. Kebul ɗin kashi biyu ne. Akwai riga ta waje wadda ba ta motsi, akwai 'yar ciki, wato siraran wayoyin ƙarfe da aka murɗe wuri guda, tana lanƙwasuwa, an danne bakinta biyu sun zama masu kusurwa huɗu. 'Yar cikin ce ke juyawa, tun daga ƙarƙashin mota har bayan dasbod.

A cikin agogon, kebul yana juya maganaɗisu. Maganaɗisun yana zagayawa a cikin wani ɗan kofi na alminiyam ba tare da sun taɓa juna ba, amma juyawarsa tana jan kofin ya bi shi, kamar yadda ruwan ƙwarya ke bin ludayi in ana juya shi. Allura a kan sandar kofin take zaune. Wani sifirin, wato murɗaɗɗiyar waya siririya ƙwarai mai ja da baya, yana riƙe kofin don kada ya zagaye gaba ɗaya, shi ya sa iyakar ƙarfin jan, iyakar inda allura za ta tsaya. Otto Schulze ne ya yi rajistar wannan dabara a Jamus a 1902, kuma a kanta kamfanonin Jaeger da Veglia suka gina agogunan Peugeot, VDO ta gina na Mercedes da Volkswagen, Smiths ta gina na motocin Ingila.

Su kuwa lambobin kilomita ba sa bi ta maganaɗisu. Wasu ƙananan haƙora ne ke ɗaukar juyi daga sandar da kebul ke juyawa su kai musu. Riƙe wannan da kyau, don duk binciken a kansa ya rataya: kebul ɗaya ne, amma yana shiga agogo sai aikin ya rabu biyu, allura ta bi hanyar maganaɗisu, lambobi su bi hanyar haƙora.

Tuƙa ta tukuna

Kafin ka ɗauki sifana, rubuta lambar da ke kan agogon, ka ɗaga gilasai, ka kashe rediyo, ka tuƙa motar kilomita biyu ko uku. Idonka a kan allura, kunnenka a bayan dasbod. Da ka tsaya sai ka sake duba lambar.

In allura ba ta motsa ba, lambobi ma ba su motsa ba, juyi ne ba ya isowa agogon. Ka nufi kebul da haƙorin giya, ka ƙyale agogon tukuna. In lambobi sun ƙaru amma allura tana kwance, kebul lafiyarsa ƙalau, kada ka ɓata kuɗinka wajen sayen sabo. Matsalar tana cikin agogo, a ɓangaren kofi da allura. In allura tana aiki lambobi ne suka tsaya, haƙoran lambobi ne. In kuma allura tana rawa, ko tana tsalle, ko kana jin ƙas-ƙas a bayan dasbod da ke ƙaruwa da gudun mota, kebul ne ya bushe ko ya lanƙwashe, kuma yana gab da tsinkewa. Wannan 'yar tafiya kaɗai ta rage maka rabin aiki.

Kebul

Cire kan batir na nagetif kafin ka zura hannu bayan dasbod. Wayoyin mota mai shekara arba'in rigarsu ta bushe, kuma agogon hannu ko zobe na iya haɗa maka wuta. Lalubo inda kebul ya shiga bayan agogon. Wani da noti mai zare yake kamawa, ana kwance shi da yatsu. Wani da maƙalin roba da ake dannawa a ja. In hannunka ba ya kaiwa, sassauta allon agogunan ka jawo shi gaba kaɗan. Kada ka fizga, kebul ɗin ne ke riƙe da shi ta baya.

Yanzu sai a ga ko 'yar cikin tana juyawa. 504 da ƙafafun baya take tafiya, don haka sa duwatsu ko katako gaba da bayan tayoyin gaba, ɗaga tayar baya guda ɗaya, sa giya a firi, sauke birkin hannu. Yaro ya juya tayar da hannu, kai kuma kana kallon bakin kebul. Ko giya tana firi ƙarfen wutsiyarta yana bin taya, saboda haka dole bakin ya juya a hankali. Ba a buƙatar tayar da inji. Kuma tun da an ɗaga mota, bari in faɗi abin da nake faɗa wa kowane yaron gareji a ranarsa ta farko: ba a shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai. A sa mata ƙafar ƙarfe ko gungumen katako mai ƙwari.

Ganin bakin yana juyawa bai isa ba, nan mutane da yawa ke ruɗuwa. Kama shi da yatsu biyu ka ɗan matse yayin da ake juya tayar. Lafiyayyen kebul zai ƙwace daga yatsunka. In ka iya tsayar da shi alhali taya tana juyawa, wani abu yana zamewa a ƙasa: ko 'yar cikin ta tsinke a tsakiya guntayen suna gugar juna, ko bakinta na ƙasa ya cinye ya zama kewayayye, ko haƙorin robar ya cinye. Irin wannan kebul yana juyawa in babu kaya a kansa, da an haɗa shi da agogo sai ya tsaya.

Kama bakin da filaya ka zaro 'yar cikin. A wasu kebul akwai ɗan zobe a bakin da ke hana ta fita ta wani ɓangare, in ta ƙi ta sama gwada ta ƙasa. In guntuwa ta fito, ka ga matsalarka, amma kada ka yi saurin murna. Kebul ba ya tsinkewa haka kawai. Kafin ka sa sabo, sa guntun a bayan agogon ka murza da yatsu. Ya kamata ya juya sumul, allura ta yi tsalle zuwa 20 ko 30 ta dawo. In ya yi tauri ko ya ƙi juyawa, agogon ne ya cije ya tsinka kebul, kuma sabon ma haka zai yi masa cikin 'yan kwanaki.

In ta fito cikakkiya, wanke ta da kananzir ka goge da farin tsumma. Ja ta tsakanin yatsunka a hankali. Inda wata 'yar waya ta tashi za ta kama tsumman, wannan ta gama aiki. Sai gwajin lanƙwasa, wanda na fi yarda da shi: riƙe bakin biyu, ɗaya a kowane hannu, ka bar tsakiyar ta sauko ta yi baka. Murza baki ɗaya a hankali. Mai lafiya za ta juya lumui, ɗayan bakin yana bi daidai. Wadda ta taɓa karyewa a wani wuri za ta tara murɗin, ta yi shiru, sannan ta fizge gaba ɗaya. Wannan fizgar ita ce kake gani a matsayin tsallen allura. Ba a miƙar da irin wannan, sai canji. Duba bakin biyu kuma, kusurwowin su kasance da kaifi.

Rigar ma a duba ta tun daga sama har ƙasa. A 504 da aka sha sauke mata giya don canjin kuloci, sau da yawa za ka tarar an matse kebul tsakanin giya da bodi, ko an bar shi ya kwanta a kan salansa zafi ya narkar da robar, ruwa da laka suka samu ƙofa. Wani lokaci kuma an ɗaure shi da wayar ƙarfe a lanƙwasa mai tsanani don kada ya yi reto. Ƙa'idar da masu ƙera agogon maleji suka bayar ita ce kada lanƙwasa ta matse fiye da da'irar da ke da santimita 15 daga tsakiya zuwa gefe, kuma kebul ya fito a miƙe na ɗan taƙi daga bayan agogo da daga giya kafin ya fara karkata. In rigar ta lotsa ko ta fashe, sayi kebul gaba ɗaya. Sabuwar 'yar ciki a tsohuwar riga mai lotsawa asarar kuɗi ce.

Wajen shafa mai ake yawan yin gyaran gangar Auzinawa. Giris mai laushi ake so, ɗan kaɗan, a shafa wa kashi biyu cikin uku na ƙasa, a bar kamar taƙi guda na sama a bushe. Dalili shi ne murɗin wayoyin yana tura duk abin da ke jikinsu sama idan suna juyawa. Wanda ya cika riga da giris ko ya ɗura mata baƙin mai, agogonsa ya ɗura wa. Giris mai kauri na boris kuma yana daskarewa da sanyin hunturu, ya haɗu da ƙura ya zama ƙulli.

In sayen sabo ya kama, tafi da tsohon a hannunka, ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano ko Panteka a Kaduna. Jera su ƙasa ka gwada tsawon riga, da irin bakin da ke kowane gefe, da kaurin kusurwa huɗun. Abin da aka fi mantawa shi ne tsawon da 'yar cikin ta leƙo daga riga ta wajen agogo. In ta gaza, ba za ta kama ba, ko ta kama da ƙyar bakin ya cinye. In ta zarce, kana ɗaure noti za ta tokare maganaɗisu ta tura shi cikin kofi, sai allura ta haukace ta ƙure maleji mota tana tafiyar 40. Wannan ɓarnar ta fi ta farko, don sandar allura ce ke tafiya. Wajen mayarwa, fara da ƙasa, ka murza 'yar cikin har ka ji ta faɗa raminta ta ƙi juyawa, sannan ka haɗa sama. Notin bayan agogo da hannu ake ɗaure shi, ban da filaya.

Haƙorin giya da man da ke hawa sama

In kebul lafiya yake amma juyi ba ya zuwa, sauka wutsiyar giya. Share wurin da buroshi tukuna don kada ƙasa ta faɗa ciki. Ƙaramin noti ne ke riƙe da gidan haƙorin. Kwance shi, ka ɗan jujjuya gidan ka zaro, da kwano a ƙasa don mai zai ɗiga. Haƙoran da suka cinye za ka gan su sun kwanta a tsakiya, wani lokaci sun share sarai. Duba ramin mai kusurwa huɗu ma, yakan buɗe ya zama zagaye. Ƙirga haƙoran ka rubuta kafin ka tafi kasuwa, domin masu kama da juna suna da yawa, kuma bambancin haƙori ɗaya a cikin 20 kashi 5 cikin ɗari ne a kan allura. Haska tocila cikin ramin a juya taya, ka tabbata murɗaɗɗen haƙorin na ciki yana juyawa tare da ƙarfen.

A jikin gidan akwai zoben roba ta waje da ƙaramin sil ta ciki, wato robar da ke hana man giya shiga kebul. Kada ka raina sil ɗin nan. An taɓa kawo mini wata 504 doguwa, mai ita dattijo ne da ke jigilar iyali zuwa ƙauye da ita. Ya ce, "Malam, allurar nan ta zama malalaciya. Sai na yi nisa take tashi, in na tsaya kuma sai ta ga dama take sauka." Na ce, "Alhaji, ba ka taɓa ganin ɗigon mai a ƙafar wandonka ta wajen sitiyari ba?" Ya yi dariya ya ce Hajiya ta gaji da wankin wannan tabon, shi ya ɗauka daga birki ne. Da muka cire kebul daga bayan agogo, man giya ne ya biyo hannuna. Sil ya mutu, kebul ya yi ta ɗebo mai daga giya yana kaiwa sama har ya cika tsakanin maganaɗisu da kofi. Allura mai nauyin tashi da nauyin sauka, ko mai lilo a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, mai ne. A canja sil, a wanke riga da 'yar ciki da kananzir su bushe sarai, sannan a wanke agogon. In ka wanke agogo ka bar sil, man zai dawo.

Beetle ba ta da wannan matsala domin kebul ɗinta ba daga giya yake tasowa ba. Ta cikin sandar tayar gaba ta hagu yake ratsowa, bakinsa ya leƙo ta rami mai kusurwa huɗu a murfin boris, a maƙale shi da ɗan kilif. Cire wilkaf ka duba. Sau da yawa kilif ɗin ne ya faɗi lokacin da aka yi aikin boris, ko ramin murfin ya buɗe. A tsohuwar Land Rover kuwa, murɗaɗɗen haƙorin matsi ne kawai ke riƙe da shi, matsin babban notin da ke ɗaure kan farfelar baya a bayan gangar birkin hannu. In notin ya saki, haƙorin yana zamewa, allura ta riƙa faɗuwa tana tashi. A ɗaure notin kafin a zargi komai.

Cikin agogon

Ciro allon ka kai kan tebur mai tsabta, ka shimfiɗa farin ƙyalle. Sa guntun tsohon kebul a bakin injin huda mai batir, wanda ake iya rage wa gudu, ka zura a bayan agogon. Fara a hankali. In allura ta danna kan ɗan turken da take kwanciya a kai maimakon tashi, juya injin ta ɗaya hannun. Yawancin agoguna a ribas suke tashi. In allura ta tashi ta tsaya cak a wuri ɗaya, lambobi suna tafiya, agogonka lafiya lau, koma ƙasa.

Abin da ya fi damun agogunanmu tsohon giris ne da zafin rana ya dafa a cikin dasbod, ƙurar hunturu ta shiga ta same shi. Sandar da kebul ke shiga sai ta yi tauri, tana kuka kamar ƙaramin tsuntsu da safe, ta yi shiru in rana ta ɗaga. Ɗigo ɗaya ko biyu na man keken ɗinki a gindin sandar, a murza har ya shiga, yakan warware ta. Riƙe agogon fuskarsa tana sama don man ya tsaya a inda aka sa shi. Kada ka fesa masa man gwangwani mai kwance tsatsa, zai bazu har kan kofi da sifirin.

In ya kama a buɗe, abu uku nake roƙon ka. Kafin ka cire allura, ɗaga ta a hankali ka tsallakar da ita turken da take kwanciya a kai, ka bar ta ta tsaya inda take so, ka sa alama da fensir a gefen fuska. A nan za ka mayar da ita, sannan ka sake tsallakar da ita. Na biyu, kada yatsa ko sukundireba su taɓa sifirin ɗin nan, in ya lanƙwashe ba ya komawa daidai. Na uku, kada fetur ko tina su taɓa fuskar agogon, rubutun zai bi tsumma. Duba tsakanin maganaɗisu da kofi, yakan tara garin ƙarfe. Ɗan selotef a bakin tsinke yana ɗebe shi. In kofin yana da zanen guga, ko sandar tana girgiza gefe da gefe, gidanta ya cinye. Nan aikin bakanike ya ƙare. Mai gyaran agogon hannu ya fi mu hannun wannan aiki, in kuma ya gagara, a nemi agogon gwanjo.

Lambobi in sun tsaya, yawanci ɗaya daga cikin ƙananan haƙoran ne ya tsage, ko yana zamewa a kan sandarsa. Agogon VDO na Mercedes W123 ya yi suna da wannan: wani haƙorin ƙarfe mai launin toka a ƙarshen jerin lambobin yana sakin sandar, sai ta juya ita kaɗai. Ana ɗan zaro sandar a karce inda haƙorin ke zama don ya samu abin kamawa, a mayar. Manna selotef a kan jerin lambobin kafin ka taɓa sandar, in ba haka ba za su watse maka a tebur. Haƙorin lambobi da ke cijewa ma yana sa allura ta yi ƙyafce lokaci-lokaci a kan tsari ɗaya, ko da kebul sabo ne. Kuma a daina murɗa maɓallin da ke mayar da ƙananan lambobin ƙirga tafiya guda zuwa sifiri alhali mota tana tafiya, yana cin haƙoran. Lambar da ka tarar kuwa ita za ka mayar. An sha tambayata in "rage mata shekaru" tunda agogo yana buɗe. Algus ne, ba na yi.

In yana aiki amma ƙarya yake yi

Auna shi kafin ka yanke masa hukunci. Manhajar GPS ta waya ta isa, wani ya riƙe maka wayar, ka samu miƙaƙƙen titi, ka tsayar da allura a 40, da 60, da 80, yana rubuta abin da waya ta nuna. In babu waya, turakun kilomita na gefen hanya da agogon hannu sun wadatar: raba 3600 da daƙiƙun da ka ɗauka tsakanin turke da turke. Daƙiƙa 60 gudun 60 ke nan, daƙiƙa 45 gudun 80. A tafiyar nan kuma gwada lambobi da tazarar kilomita 10 da ka tabbatar. Ka fara duba ko fuskar agogon mil take ƙirgawa, irin na motocin Ingila da Amurka, don mil 1 kilomita 1.6 ne, 60 a can ta kusa 97 a nan. Ɗan ƙari kaɗan kuma ba laifi ba ne. Da gangan kamfanoni ke sa allura ta ɗan wuce gaskiya. Ƙa'idar Turai ta hana ta nuna ƙasa da ainihin gudu, ta yarda ta wuce da kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4.

Lambobi su ne alƙali a nan, tunda haƙora ke tafiyar da su, ba sa gajiya kamar maganaɗisu. In lambobi daidai suke allura ce ke kuskure, laifin agogo ne. Kuskure iri ɗaya a kowane gudu, a ce ƙarin 10 a 40 da 60 da 80, allura ce aka dasa a karkace, a cire a gyara mata zama. Kuskuren da ke girma da gudu kuwa, in ƙasa take nunawa maganaɗisu ya yi rauni, in sama take nunawa sifirin ya saki. Waɗannan biyun sai mai kayan awo.

In kuwa allura da lambobi sun yi kuskure tare, da kaso ɗaya, agogo ba shi da laifi, juyin da ake aiko masa ne ba daidai ba. Fara da taya. 504 salun da 175 R14 ta fito, tsayinta kusan milimita 635. Yau mai faci abin da ya samu yake sa maka. 195/70 R14 tana da kusan 629, bambancin bai taka kara ya karya ba. 185/70 R14 kusan 615 ce, allura za ta ƙara kashi 3 cikin ɗari. 185/65 R14 kusan 596 ce, allura tana 100 kai kana 94. Babbar taya ita ce mai haɗari: 185 R14 ta kai kusan 652, allura tana nuna ƙasa da gudunka, kuma iyakar da dokar hanya ta ba ƙaramar mota a Najeriya 50 ce a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Jami'in kiyaye haɗurra ba zai saurari labarin taya ba.

Sai tarihin motar. 504 nawa aka sa wa giyar 505 mai biyar, ko aksul na doguwa ko na a-kori-kura a ƙarƙashin salun? A ce aksul na asali farfela tana juyawa sau 3.9 kafin taya ta zaga sau ɗaya, aka sa mai 4.2. Giya za ta riƙa juyawa fiye da da a tazara ɗaya, allura da lambobi su ƙara kusan kashi 8 cikin ɗari.

Ga yadda ake gane ainihin abin da motarka ke aikowa. Cika tayoyi da iska daidai. Cire kebul daga bayan agogo, manna ɗan selotef a bakinsa ya zama tuta. Auna mita 20 a shimfiɗaɗɗen wuri, sa alama da alli. Tura motar kaɗan tukuna har tutar ta fara motsi, sannan a fara ƙirge daga alamar farko. Yara su tura, kai kana zaune kana ƙirga juyin tutar har da rabi da kwata. Ninka abin da ka samu sau 50, ka samu juyin kebul a kilomita guda. Agoguna da yawa an rubuta nasu adadin da ƙananan lambobi a ƙasan fuska ko an buga a bayan gwangwanin; VDO takan rubuta shi bayan harafin W, inda 0.8 ke nufin juyi 800 a kilomita. Gwada biyun. In mota tana aiko da fiye da abin da agogo ke so, nemi haƙorin giya mai haƙora fiye da naka da wannan kason. In ƙasa take aikowa, mai ƙarancin haƙora. A ce agogo yana son 1000, ka ƙirga 21 a mita 20, wato 1050, kuma haƙorinka mai 20 ne. Mai 21 za ka nema, ka tabbata irin na giyar ne don ya ci da murɗaɗɗen na ciki. In kasuwa ba ta da shi, rubuta ainihin gudun da waya ta nuna a 50 da 80 da 100 a 'yar takarda, ka manna a gefen agogon har ranar da aka samu.